Mu Je Su, Amma Mu Bar Na Gobe

Duk shekara idan dogon hutu ya ƙarato, mu malamai da iyaye mukan tara ku, ɗalibai, mu karanta muku jerin abubuwan da ba mu so ku yi, kuma zuwa bakin ruwa ba ya taɓa fita daga cikin jerin nan. A wannan shafi ina so in ɗan saɓa wa abokan aikina. A ganina, ɗalibin da ya tashi a ƙasar nan har ya gama sakandare bai taɓa wuni a bakin ruwa da fatsa a hannu tare da abokansa ba, akwai darasin da ya wuce shi wanda allo da alli ba za su ba shi ba. Amma fa da sharaɗi nake faɗin haka. Wanda zai je su, sai ya san ba duk kifin da ya shiga hannunsa ne nasa ba. Akwai na gobe, kuma barin na goben nan shi ne abin da yawancinmu ba mu koya ba.

Ruwan da muka samu

Mu mutanen arewacin Kano ba masunta ba ne tun asali, manoma ne. Gona na jingine da gona tun daga Minjibir har Ɗambatta, tun daga Bichi har Kunchi, da ƙyar ake samun wurin ɗaure akuya. Kogunanmu kuwa, Gari da Tomas da Jakara da Watari, na damina ne. Da rani ya shigo sai su zama yashi, sai 'yan tafkuna nan da can inda kakanninmu kan shiga da homa su kamo tarwaɗa, ko su haƙo gaiwa cikin busasshen laka.

Abin ya canza ne da zuwan madatsun ruwa. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauki aikin tare ruwa da gaske, farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 kuma ya nuna wa kowa amfanin aikin. Aka gama dam ɗin Tiga a 1974 can kudancin jiha. A namu ɓangaren aka datse Tomas kusa da Ɗambatta, aka datse Jakara a Wasai, aka datse Gari a ƙasar Kunchi, aka datse Watari a Bagwai. Ruwa ya zauna rani da damina, noman rani ya bunƙasa, kifi ya samu wurin zama, kwale-kwale ya shigo ƙasar da a da jaki kaɗai ta sani.

Watau ke nan, su na kowace rana a wajenmu bai wuce shekara 50 da 'yan kai ba. Kakannin wasunku sun girme shi. Mutanen da suka daɗe a bakin ruwa, irin su Kabawa da Sarkawa, sun gaji ruwa tare da dokarsa: lokacin da ake shiga, lokacin da ake bari, irin komar da aka yarda da ita, da Sarkin Ruwa wanda maganarsa ke yanke hukunci. Mu kuwa ruwa muka samu, ba mu gaji dokarsa ba. Nan ne tushen matsalarmu.

Abin da wunin su ke koyarwa

Mu kan mu shida ne, malamai uku, manoma biyu da wani mai gyaran keke, mukan tafi dam ɗin Tomas sau ɗaya ko biyu a shekara, bayan an shigar da amfanin gona. Tun da yamma ake haƙa tana a gindin randa a zuba cikin gwangwani da 'yar ƙasa mai laima. Da asuba a hau babura cikin sanyin hunturu. In an isa, ba a jefa ƙugiya sai an je an gai da manyan masuntan wurin, an ce, "Baba, mun zo neman na miya, ina za mu zauna?" Su za su nuna inda ba a sa kalli ba, su kuma faɗi inda ƙasan ruwa ke da rami.

Daga nan sai zama. Mai fatsa ba ya hayaniya, ba ya barin inuwarsa ta faɗa kan ruwa, domin Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Yakan yi sa'a biyu bai ga ko motsi ba, alhali na kusa da shi ya ciro uku. A nan ake gane halin mutum. Akwai mai tashi ya canza wuri sau goma, akwai mai zargin ƙugiyarsa, akwai mai yin shiru ya gyara tanarsa ya sake jefawa. Ɗalibin da bai iya zama kan lissafi ɗaya na minti ashirin ba, ya je ya ga yadda ake jiran karfasa.

Da rana ta take sai a hura wuta da kara, a gasa kaɗan da yajin ƙuli-ƙuli. Sauran kuwa a zube wuri ɗaya a kasa shida daidai, ba a tambayar wa ya kama nawa. Wanda ya wuni bai kama komai ba, kasonsa ɗaya da na gwanin cikinmu, domin kowa ya san wata rana shi ne zai wuni hannu sake. A wurin rabon nan babu mai takardar shaida, babu mai gyaran keke. Ban san wani aji da ke koyar da wannan cikin kwana ɗaya ba.

Sai dai shekarun nan abin da muke gani a bakin ruwa yana damuna. Karfasar da ake fitarwa da yawa ba ta kai faɗin yatsu uku ba. Ana auna 'ya'yan kifi da kwano kamar gero. Tsofaffin masunta da kansu suna cewa sun daɗe rabonsu da kifin da sai mutum biyu sun ɗauka.

Giwan ruwa

Babban kifin ƙasar Hausa shi ne giwan ruwa. Ana samunsa a Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi da Kogin Nilu, kuma yana iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200. Abu biyu ya kamata ɗalibi ya sani game da shi. Na farko, ba ya girma a damina ɗaya. Wanda ya kai nauyin mutum ya shekara da yawa yana kuɓuce wa koma, kuma babbar macensa na iya zuba miliyoyin ƙwai, abin da ƙarama ba za ta iya ba. Na biyu, ba ya jure gurɓataccen ruwa. Tarwaɗa na iya leƙo kai ta shaƙi iska, gaiwa na iya kwanciya cikin laka ta wuce rani, amma giwan ruwa in iskar da ke cikin ruwa ta ragu sai ya mutu. Saboda haka shi ma'auni ne. Ruwan da ke fitar da babban giwan ruwa yana da lafiya kuma an ba shi hutu. Ruwan da babu komai cikinsa sai tarwaɗa da 'yan ƙananan karfasa, yana faɗa mana wani abu, domin ruwa ba ya tsami banza.

Duk wanda ya ji labarin Argungu ya san wannan kifi. An fara bikin kamun kifi na can a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Dubban mutane ke faɗawa Matan Fada da homa da gora, su yi kamar sa'a ɗaya. Kifin da ya ci gasa a 2005 ya kai kilo 75, na 2020 kuma kilo 78. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Mutane kan yi mamakin ƙarfin masuntan, amma ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne sauran kwanakin shekara. Wurin da ake gasar a hane yake, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe. Sa'a ɗaya ta murna, shekara guda ta haƙuri ce ta haife ta. Da a ce kowa na shiga Matan Fada duk ranar da ya ga dama, da babu abin da za a kai gaban Sarki sai 'yan tsaki.

Darasi daga nesa

A ƙasashen sanyi akwai wani kifi da ya fi giwan ruwa girma, Turawa na kiransa sitajan. Jinsinsa ya daɗe a duniya tun zamanin manyan dabbobin da suka shuɗe, jikinsa da layukan ƙashi kamar sulke. Mafi girmansu, mai suna beluga, yana zaune a Tekun Kaspiyan, yana hawa Kogin Bolga na Rasha don ya zuba ƙwai. An rubuta cewa wadda aka kama a bakin kogin a 1827 ta kai kilo 1,571. Ƙwan wannan kifi, wanda ake kira kabiya, yana cikin abinci mafi tsada a duniya, kuma tsadar nan ce ta jawo masa masifa. Macen beluga kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara ƙwai, ga shi kuwa don ƙwan ake farke ta. Bugu da ƙari, babban dam ɗin da aka gama a Bolgogirad a 1961 ya tare mata hanyar zuwa yawancin wuraren da take haihuwa. Tun 1998 aka sa cinikin dukkan jinsin sitajan ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare halittu, amma a 2022 ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa dukkan iri 26 da suka rage suna cikin hatsarin ƙarewa, ta kuma tabbatar cewa wani ɗan'uwansu na Kogin Yangze a ƙasar Sin ya ƙare ƙurmus. Kifin da ya rayu miliyoyin shekaru, mutum ya gama da shi cikin ƙarni ɗaya.

A Kogin Fireza na Kanada kuwa wata hanya aka bi. Tun 1994 aka hana tafiya gida da farin sitajan. Abokai kan haɗu su hau jirgi, su yi ta fama da kifin da ya fi su tsawo, in sun jawo shi su auna, su ɗauki hoto, su sake shi. Kifi ɗaya na iya faranta wa mutane da yawa rai cikin shekaru da yawa, masu jirage kuma suna cin abinci da shi yana raye.

Ban kawo wannan don in ce mu kwaikwaye su ba. Mu don miya muke su, kuma ba zan ce wa magidanci ya saki kifin da zai ciyar da iyalinsa don a ɗauki hoto ba. Abin da nake so mu gani shi ne, kifi na ƙarewa, ko da ruwan ya kai teku girma, kuma inda aka sa doka aka bi ta, yana saura. In Tekun Kaspiyan bai gagari kwaɗayin mutum ba, ina ga dam ɗin Gari?

Abubuwan da ke cinye kifinmu

Na farko ƙaramar raga. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, Doka ta 108 ta 1992, ta sa mafi ƙanƙantar idon raga ya zama milimita 76, watau inci 3, in ban da wasu 'yan keɓaɓɓun sana'o'i. Amfanin haka shi ne ƙaramin kifi ya zurare ya je ya girma, ya haihu ko sau ɗaya kafin a kama shi. Yau har gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ana ja cikin ruwa. Gidan sauro ba ya barin komai, har ƙwai yake kwashewa. Mai yin haka ya yi asara biyu: yaransa sun kwana cikin sauro, ruwansa ya kwana babu iri.

Na biyu guba. Dokar nan ta hana kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Duk da haka an daɗe ana jin labarin masu zuba maganin ƙwari cikin ruwa a sassan Nijeriya, musamman Gammalin 20, wanda aka yi don feshin koko. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, an sa shi cikin jerin waɗanda duniya ta amince a daina a 2009, domin yana daɗewa a ƙasa da ruwa da jikin mai rai. Guba ba ta zaɓe. Tana kashe babba da ƙarami, da kwaɗo, da ƙwarin da kifi ke ci, sa'an nan ta bi tukunya ta shiga cikin mai ci, shanun da suka sha ruwan ma ba su tsira ba. Mu masu noman rani kuma mu lura, wanke tankin feshi a bakin dam ɗan'uwan zuba guba ne, ko da ba a yi niyya ba.

Na uku kama uwa lokacin haihuwa. Karfasa a baki take renon ƙwanta da 'ya'yanta. Wanda ya kama ta a lokacin, ɗaruruwa ya kashe don ya ci ɗaya. Tarwaɗa kuma da ruwan farko take fita cikin ciyawar da ambaliya ta rufe don ta zuba ƙwai, a lokacin ne ta fi sauƙin kamu, a lokacin ne kuma ya fi kamata a ƙyale ta. Ba manomin kirki da ke cinye irinsa don ya ga rumbu a buɗe.

Na huɗu ƙazantar birni. Kogin Jakara ta tsakiyar Kano yake ratsowa, ya kwaso ruwan kwatoci, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, duka su gangaro Wasai. Masana a jami'o'inmu sun sha auna wannan ruwa suna samun ƙarafa masu cutarwa a ciki. Wannan ya fi ƙarfin ɗalibi, aikin hukuma ne. Amma cikinku akwai waɗanda gobe za su zauna a ofisoshin da ke sa hannu kan irin wannan, ina so su tuna akwai mutane a ƙarshen kwata.

Masu cewa a'a

Wani zai ce, "Malam, kai mai albashi ne, talaka yunwa ce ta sa shi jan gidan sauro." Gaskiya ne, yunwa ba ta jin wa'azi. Amma wa zai fara shan wahala ranar da ruwa ya zama fanko? Mai albashi zai sayi kifin ƙanƙara da aka shigo da shi daga Turai. Masunci ne zai rasa sana'a. Dokar ruwa garkuwar talaka ce, sai dai ba ta aiki in mutum ɗaya ne ke bi, domin wanda ya saki ƙaramin kifi yau, maƙwabcinsa zai kama gobe. Don haka sai an haɗu: masunta da Sarkin Ruwa da dagatai da ma'aikatan gona su yarda kan watannin hutu, su keɓe wani lungu na kowane dam da ba a taɓawa, kamar yadda Kabawa suka keɓe Matan Fada.

Wani kuma zai ce yanzu ana kiwon tarwaɗa a kududdufin siminti, me ya dame mu da ta dam? Kiwo abu ne mai kyau, ina ma makarantarmu ta samu nata. Amma kiwo na bukatar jari da abinci mai tsada, kuma kusan iri ɗaya ake kiwo. Ba mai kiwon ƙurungu ko kawara ko ragon ruwa a bayan gida. Dam kuwa yana ciyar da wanda ba shi da komai sai ƙugiya.

Iyaye kuma za su ce ruwa na ci. Wannan ita ce magana mafi nauyi, ba na wasa da ita. Ba mu manta ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara, saboda an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Ga kuma tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata. Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini alamar balaga, alhali cuta ce, tana da magani a asibiti, in an bar ta kuma tana lalata mafitsara. Amma hani kawai bai hana yara zuwa ba, ya dai sa suna zuwa a ɓoye, su kaɗai, ba mai iya iyo a cikinsu. Gara su je da saninmu, da babba a tare da su.

Roƙona

Ga ɗalibai: kada ku je sai da izinin gida, kuma da babban da ya san ruwan. Ku tsaya a gaɓa da fatsa, ba sai kun shiga ba. Kada ku hau jirgin da ya cika, ko da kowa na hawa. Ku gai da masu wurin kafin ku jefa ƙugiya. Karfasar da ba ta kai tafin hannunku ba, ku cire ƙugiyar a hankali da jiƙaƙƙen hannu ku mai da ita. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa wa malamin lafiya, ba abin kunya ba ne. Abin da kuka kama kuma ku raba daidai.

Ga abokan aikina: ƙungiyar matasa manoma ta makaranta na iya shirya tafiya ɗaya a shekara. A tafi da ma'auni da littafi, a rubuta irin kifi da tsawonsa da ranar da aka kama. In kowane aji ya yi haka, bayan shekara goma za mu riƙe shaidar da ba mai musu a kanta, ko kifinmu na girma ko yana ƙanƙancewa, mu kai ta gaban hukuma.

Ga iyayenmu mata masu zuwa kasuwa: in kun daina sayen 'ya'yan kifi na kwano, da kifin da ya zo da taushin jiki da warin magani, masu kawowa za su daina.

Waɗanda suka gina mana madatsun nan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, ba su ci kifin ba. Mu muka ci. Abin da za a tambaye mu shi ne ko ɗan ajin ɗaya na bana, ranar da ya kai shekaruna, zai sami abin da zai ja igiyarsa in ya tafi Tomas da abokansa. Allah ya ba mu hutu lafiya, ya dawo da mu lafiya.